Gawayi da Shekaru: Awon Karbon 14 na Shaihu Anta Diop da Tarihin Ƙasar Hausa ta Nijar

A ƙasar Tasawa da ta Mayahi, kamar sauran ƙasar Hausa, da wuya a sami gari wanda ba shi da kufai a kusa da shi. Manomi a Kona ko Korgom ko Hawandawaki ya san inda hauyarsa take tono tsingaro da kashin maƙera, ya kuma san cewa wurin mazaunin mutane ne a da. In aka tambayi tsofaffi ko su wane ne suka zauna nan, sau da yawa akan sami amsa; in aka tambaye su tun yaushe, sai su ce tun kaka da kakanni. Wannan amsa ba ta jahilci ba ce. Labarin baka yana riƙe sunaye da dangantaka da jerin sarakuna, amma ba a gina shi domin ƙidayar shekaru ba. Tun daga tsakiyar ƙarni na 20 aka sami wata hanya ta amsa wannan tambaya ta biyu, watau awon karbon 14, kuma ɗan Afirka na farko da ya kafa ɗakin wannan awo ya gudanar da shi da hannunsa shi ne Shaihu Anta Diop na Senegal.

An fi sanin Diop da littattafansa game da Masar ta Fir'auna. Jerin lambobin da suka fito daga ɗakin awonsa na Dakar ba su sami masu karatu kamar waɗancan littattafai ba, alhali kuwa da su masu binciken kufai na Nijar suka yi aiki kai tsaye.

Yadda awon yake

Asalin hanyar daga Willard Libby take, masanin kimiyya na Jami'ar Shikago a Amurka, wanda ya bayyana ta a 1949, aka ba shi kyautar Nobel saboda ita a 1960. A can saman sararin samaniya wasu haskoki da ke zuwa daga wajen duniya suna bugun iskar nitrojin, suna mai da kaɗan daga cikinta wani irin karbon mai nauyi 14. Wannan karbon yana gauraya da iska, tsiro ya shaƙe shi, dabba ta ci tsiro, mutum ya ci duka biyu. Muddin abu yana da rai, gwargwadon karbon 14 da ke jikinsa daidai yake da na iska, wajen ƙwaya ɗaya cikin miliyan sau miliyan na karbon na kullum. Da ya mutu sai shiga ta tsaya, abin da ke ciki ya riƙa lalacewa a hankali bisa ƙa'idar da zafi ko damshi ba su sāke ta: bayan shekara 5,730 rabi ya tafi, bayan wasu 5,730 rabin abin da ya rage ya tafi. In an kai shekara wajen 50,000 abin da ya saura bai isa awo ba.

Abin lura shi ne, da kayan Afirka Libby da abokin aikinsa James Arnold suka fara gwada gaskiyar hanyar. Sun nemi itace daga kaburburan sarakunan Masar waɗanda aka riga aka san zamaninsu, irin su Joser da Sneferu, da katakon jirgin ruwan Sesostris na Uku, suka auna, suka ga lissafin ya zo kusa da abin da masana tarihi suka sani.

Daga Paris zuwa Dakar

An haifi Diop a Caytu a ƙarshen 1923. Ya tafi Paris a 1946, ya haɗa karatun falsafa da tarihi da na kimiyya, har ya koyi ilmin ƙwayar zarra a ɗakin binciken Frédéric Joliot-Curie. A 1954 ya buga Nations nègres et culture. Masu aikin harsunan ƙasa sun san littafin ta wata fuska dabam: a cikinsa ne ya fassara taƙaitaccen bayanin ka'idar Einstein zuwa Wolof, domin ya nuna cewa babu wani ilmi da ya fi ƙarfin harshen Afirka in an zauna an ƙera masa kalmomi. Ya kare kundin digirinsa na dokta a Sorbonne a watan Janairu na 1960, ya koma gida a wannan shekara.

Ba a ba shi kujerar koyar da tarihi a Jami'ar Dakar ba sai a 1981. A tsakanin nan wurin aikinsa shi ne cibiyar IFAN, wadda Théodore Monod yake shugabanta sa'ad da ya shiga. A nan ya ɗauki shekarun farko na 1960 yana gina ɗakin awon karbon 14, da taimakon ɗakin awo na Gif-sur-Yvette a Faransa, inda Georgette Delibrias take aiki. A 1966 ɗakin ya fara ba da sakamako. Akan ce shi ne na farko a Afirka baƙar fata. Gaskiyar magana akwai wani a Salisbury, watau Harare ta yau, wanda ya riga shi da ƴan shekaru, amma wannan a hannun Turawan Rodeshiya yake. Na Dakar shi ne na farko a Afirka ta Yamma.

Aikin da kansa mai cin rai ne. Akan wanke gawayi da ruwan asid da na kanwa mai ƙarfi don a fid da dauɗar da ta shige shi a cikin ƙasa, a ƙone shi ya zama iska, a tace iskar, a dura ta cikin wani bututu na ƙarfe da aka kewaye da garkuwa mai kauri don kada haskoki na waje su rikita ƙidaya. Sa'an nan a zauna jira. Giram ɗaya na karbon na itacen da aka sara yau yana ba da lalacewa wajen 14 ne kawai a minti ɗaya. Na shekara 5,730 wajen 7. Saboda haka samfuri ɗaya yakan ci yini ɗaya ko biyu ana ƙidaya, kuma ɗaukewar lantarki na iya ɓata aikin duka. Diop ya bayyana kayan ɗakin da hanyoyinsa a cikin Le laboratoire de radiocarbone de l'IFAN a 1968, ya kuma rubuta Physique nucléaire et chronologie absolue a 1974. Jerin sakamakonsa ya fito a mujallar IFAN, da kuma mujallar Radiocarbon ta Amurka a 1974 da 1977. Kowane sakamako yana ɗauke da alamar Dak da lambarsa, kamar yadda na Gif yake ɗauke da Gif. Yawancin kayan da aka kawo masa na Senegal ne da Muritaniya: tudun ɓawon kawa na bakin kogin Salum, da gawayi daga kewayen duwatsun da aka kakkafa a kan kaburbura a tsakiyar Senegal, da ɓawon dodon koɗi na tsofaffin gaɓoɓin teku wanda masana ƙasa suke nema don su san lokacin da ruwa ya hau da lokacin da ya janye. Amma an kawo masa kaya daga Nijar ma.

Dak-145

A farkon shekarun 1970 Gérard Quéchon da Jean-Pierre Roset na hukumar ORSTOM suka yi bincike a duwatsun Termit, arewa maso gabas da Damagaram. A wani wuri mai suna Do Dimmi suka tarar da ragowar murahun narka tama. Gawayin da suka ɗebo aka kai Dakar, sakamakon ya fito da lamba Dak-145: shekara 2,628, ƙari ko ragin 120. Da aka ɗebe 1950, wadda ita ce shekarar da duk masu wannan awo suke ƙirgawa daga gare ta, sai aka rubuta 678 kafin Miladiyya. Sun buga wannan a 1974.

Lambar ta yi nauyi saboda gardamar da ta faɗa ciki. Ra'ayin da ya fi rinjaye a lokacin shi ne sana'ar ƙarfe ta shigo Afirka ta Yamma daga waje, ko dai daga Meroe a bakin Nilu, ko daga Kartaj ta ƙetaren hamada. Tun a shekarun 1960 Bernard Fagg ya sami murahu a Taruga, cikin ƙasar Nok ta Nijeriya, waɗanda awo ya kai su ƴan ƙarnuka kafin Miladiyya. Ga shi kuma Termit ta ba da abin da ya yi daidai da su ko ya girme su. In maƙeran Termit suna narka tama a ƙarni na 7 kafin Miladiyya, lokacin da ya rage don a ce sun koyo daga wani wuri ya ƙuntata ƙwarai. Diop, wanda ya daɗe yana cewa ƙarfe ɗan gida ne a Afirka, ya ga ɗakin awonsa ya ba da lambar da ta yi masa daɗi.

Sai dai 678 ba shekarar kalanda ba ce, ko da yake haka aka yi ta kwafe ta cikin littattafai. Abu na farko, ƙari ko ragin 120 ba ado ba ne. Ma'anarsa ita ce, sau biyu cikin uku gaskiya tana cikin wannan tazara; wanda yake son tabbaci mai ƙarfi sai ya ninka tazarar, ta zama 240 ta kowane gefe. Abu na biyu ya fi wannan girma. Libby ya ɗauka gwargwadon karbon 14 a iska bai taɓa sākewa ba. A 1958 Hessel de Vries na Holand ya nuna yana hawa yana sauka, daga baya Hans Suess da wasu suka auna zoben shekaru na tsofaffin itatuwan Kalifoniya, waɗanda ake iya ƙirga shekarunsu ɗaya bayan ɗaya, suka fid da jadawalin gyara. Jadawalin da ake aiki da shi yau, IntCal20, ya fito a 2020. Rashin sa'ar masu binciken ƙarfe ita ce, tsakanin 800 da 400 kafin Miladiyya jadawalin a kwance yake: itacen da ya mutu a 750 da wanda ya mutu a 450 kusan lamba ɗaya suke bayarwa. In aka bi da Dak-145 ta cikin jadawalin, abin da za a iya faɗa da tabbaci shi ne itacen ya mutu a wani lokaci tsakanin wajen 1050 da wajen 400 kafin Miladiyya. Awon Dakar bai yi kuskure ba. Waɗanda suka mai da tazarar shekara ɗari shida ta zama shekara guda su ne suka yi wa lambar nauyin da ba ta iya ɗauka.

Tsohon itace

Akwai wata matsala wadda kowane maƙeri Bahaushe zai gane ta kafin masanin kimiyya. Awon ba ya faɗin ranar da aka hura wuta. Yana faɗin lokacin da itacen ya daina girma. Maƙera kuwa ba sa son ɗanyen itace mai laushi. Ƙirya suke nema, mai tauri, wadda gawayinta yake riƙe wuta, kuma zuciyar tsohuwar ƙirya ta girmi ɓawonta da shekaru masu yawa. A ƙasa mai damina bambancin bai cika wuce ƙarni ɗaya ko biyu ba, don gara da ruɓa suna cinye mataccen itace. A hamada kututture yana iya zama dubban shekaru bai ruɓe ba.

Abin da ya faru a ƙasar Agadas ke nan. Danilo Grébénart ya yi tono a yankin In Gall da Tigidit a ƙarshen shekarun 1970, ya sami wasu ramuka na ƙonanniyar ƙasa masu siffa iri-iri waɗanda ya ɗauka murahun narka jan ƙarfe ne, awo kuma ya kai wasunsu shekara 2000 kafin Miladiyya ko fiye. A 1988 David Killick da abokan aikinsa, har da Grébénart kansa cikin masu sa hannu, suka sake duba kayan, suka nuna cewa da yawa daga cikin ramukan nan kututturan itatuwa ne da suka ƙone a cikin ƙasa suka gasa yumɓun da ke kewaye da su, kuma ko inda aka yi aikin ƙarfe da gaske, mai yiwuwa da tsohon itace aka yi shi. Abin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne aikin jan ƙarfe na cikin shekara dubu ta ƙarshe kafin Miladiyya. A 1992 François Paris da Alain Person da Quéchon da Jean-François Saliège suka kawo wasu lambobi daga Egaro, yamma da Termit, waɗanda suka kai ƙarfe baya ga shekara 2000 kafin Miladiyya. A wannan karo ba gawayi aka auna ba, karbon da ke cikin tsingaro ne, wanda aka tsinta a sarari tare da guntayen ƙarfe. Masu suka suka amsa cewa iskar hamada tana kwashe rairayi ta tara kayan zamani dabam-dabam a fuska ɗaya, don haka kusantar tsingaro da ƙarfe ba ta nuna sa'anni ne. Har yau ba a rufe wannan gardama ba.

Duk da haka abin da awon ya tabbatar a arewacin Nijar ba kaɗan ba ne. Tukwanen da Roset ya samo a Tagalagal, cikin duwatsun Bagzan, sun ba da shekarun awo fiye da 9,000, watau suna cikin tsofaffin tukwanen Afirka. Maƙabartar Gobero, wadda ayarin Paul Sereno ya gano a 2000, ta nuna al'umma biyu da suka zauna a bakin tafki ɗaya, ta farko daga wajen 7700 zuwa 6200 kafin Miladiyya, ta biyu daga wajen 5200 zuwa 2500, da fari mai tsawo a tsakaninsu. A Marandet, kudu da Agadas, inda Henri Lhote ya tarar da dubban ƙananan kasake na narka jan ƙarfe, awo ya kai aikin rabin ƙarshe na shekara dubu ta farko ta Miladiyya. Wurin kuwa ana ɗaukarsa shi ne Maranda da al-Yaƙubi ya ambata a ƙarni na 9, kuma yana da muhimmanci ga masu bin labarin zaman Gobirawa a Azbin, irin su Djibo Hamani.

Ƙasa kafin mutane

Masana ƙasa sun ci moriyar awon kamar masu binciken kufai, kuma abin da suka samo ya shafi Mayahi kai tsaye. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar, kwari ne mai faɗi da ruwa ba ya gudu a yawancinsa yau. Faɗinsa shaida ce ta zamanin da ya ɗauki ruwa mai yawa. Jigawar da ake noman gero a kanta kuwa ragowar tuddan rairayi ce ta zamanin da hamada ta gangaro kudu har ƙasar Kano, abin da A. T. Grove ya bayyana tun 1958. Tun 1963 Hugues Faure ya fara samun lambobi daga laka da ɓawon dodon koɗi na ƙafaffun tafkunan gabashin Nijar, Michel Servant ya ci gaba da aikin a kwarin Cadi, Alain Durand da abokansa suka yi nazarin lakar kwarin Maraɗi a farkon shekarun 1980. Jerin da ya fito shi ne fari mai tsanani daga wajen shekara 20,000 zuwa 12,000 da suka wuce, sa'an nan damshi mai yawa wanda a cikinsa tafkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 350,000, sa'an nan bushewa a hankali tun wajen shekara 5,000 da suka wuce. Rairayi ba shi da karbon, don haka tuddan kansu da wata hanya ake auna su, wadda take faɗin lokacin da ƙwayar rairayi ta rabu da hasken rana. Ɓawon dodon koɗi ma yana da nasa ruɗi, don dabbar takan ɗauki tsohon karbon daga ruwa mai farar ƙasa, sai ta fito ta girmi shekarunta. Da wannan awo ne kuma aka gane cewa ruwan da rijiyoyin burtsatse masu zurfi suke jawowa a wurare da yawa na Nijar ruwan sama ne na dubban shekaru da suka wuce, wanda daminar yanzu ba ta mayar da shi da saurin da ake ɗibarsa.

Tsakanin Azbin da Kano

In aka sa lambobin a kan taswira sai a ga sun taru a arewa, inda hamada ta bar kome a sarari kuma hukumomin Faransa suka zuba kuɗi, da kuma yamma, inda Boubé Gado na IRSH ya tona Bura a 1983. A kudu, cikin Nijeriya, akwai murhun narka tama na Dutsen Dala a Kano wanda ya ba da ƙarni na 7 na Miladiyya, da aikin John Sutton a kewayen Zariya a shekarun 1970. Ƙasar da ke tsakani, daga Adar zuwa Damagaram, wadda a cikinta ne yawancin Hausawan Nijar suke zaune, rabonta kaɗan ne. Nicole Échard ta ga maƙeran Adar suna narka tama da idonta a shekarun 1960, har ta ɗauki aikin a fim, amma wannan shaida ce ta ƙarshen sana'ar, ba ta farkonta ba.

Misali mafi kusa da Tasawa shi ne Kufan Kanawa, a ƙasar Damagaram, wani babban kufai mai ganuwa wanda labarin baka yake cewa daga nan mutanen Kano suka tashi. Anne Haour ta yi tono a wurin a farkon shekarun 2000, awo ya sa zaman da ta tarar tsakanin ƙarni na 14 da na 17. A wannan lokaci Kano ta riga ta zama birni. Saboda haka awon bai goyi bayan labarin ba in an ɗauke shi a kan cewa wannan gari ne ya haifi wancan, amma bai kashe shi ba: ya mai da tambayar ta koma kan wace irin dangantaka ce ta haɗa garuruwan biyu har mutane suka riƙe ta da wannan suna.

Akwai kuma iyaka ta ɗaya gefen, wadda ya kamata masu tattara labarun Kona da maƙwabtanta su sani. Daga wajen 1650 zuwa 1950 jadawalin gyara yana hawa yana sauka har lamba ɗaya takan dace da zamani uku ko huɗu, ga kuma hayaƙin kwal da man fetur, marasa karbon 14, da ya surka iskar duniya tun ƙarni na 19. Bayan 1950 gwajin bama-baman nukiliya, har da na Faransa a Reggane cikin Sahara a 1960, ya kusan ninka karbon 14 na iska. To, abubuwan da suka fi cika bakin tsofaffin ƙasar Tasawa a cikin waɗannan ƙarnuka uku suke: faɗuwar Katsina a hannun masu jihadi a 1807 da ƙaurar Haɓe zuwa arewa, kafa Maraɗi, wucewar Barth ta Tasawa a Janairu na 1851, da ɓarnar ayarin Voulet da Chanoine, wanda ya ƙare a Maijirgi a watan Yuli na 1899. In aka tono toka a wani kufai aka ce ta ƙonewar 1899 ce, karbon 14 ba zai iya raba ta da tokar 1810 ko ta 1700 ba. A wannan zango marokin da ya haddace jerin sarakuna ya fi bututun Dakar daidaito. Amfanin awon yana farawa ne daga inda jerin ya fara dushewa.

Kalmomi

Masana harshe sun taɓa sha'awar samun irin wannan agogo. A shekarun 1950 Morris Swadesh ya kwaikwayi Libby ya ce kalmomin asali na harshe suna zubewa da sauri ɗaya, wajen 14 cikin 100 a shekara dubu, don haka ana iya lissafa ranar rabuwar harsuna biyu. Hanyar ba ta tsaya ba, domin kalma ba ƙwayar zarra ba ce: aro da ƙaura da sarauta suna hanzarta ta ko su tsai da ita. Diop da kansa, a littafinsa na 1977 kan dangantakar harshen Masar da harsunan Afirka, ya dogara ga kamannin kalmomin Wolof da na Masar, kuma yawancin masana kwatanta harsuna ba su karɓi sakamakon ba. Abin mamaki, Hausa ce take da dangantakar da aka yarda da ita da harshen Fir'auna, ta hanyar iyalin Cadi cikin babban gidan da Joseph Greenberg ya tsara.

Inda darasin Diop ya shafi masu shirya littattafan yaƙi da jahilci da na makarantun harshen gida, waɗanda aka fara gwadawa a Damagaram a 1973, shi ne wajen ƙera kalma. Jimla irin "an fara ƙira a Nijar a shekara ta 678 kafin Miladiyya" tana da sauƙin karantawa, amma ta faɗi abin da awon bai faɗa ba har sau uku: ta mai da shekarun awo shekarun kalanda, ta jefar da tazara, ta kuma mai da murhu mafi tsufa da aka samu ya zama murhu na farko da aka gina. Hausa tana da kayan gyara wannan ba tare da aro ba. Ana iya raba "shekarun awo" da "shekarun kalanda". Alamar ± tana da fassara a bakin kowane ɗan kasuwa, "ƙari ko ragi". Abin da Faransanci yake kira période ko demi-vie, in aka juya shi kalma da kalma aka ce "rabin rai", mai karatu zai ɗauka bayan rabi biyu abin ya ƙare, alhali kuwa rubu'i ya rage. "Zangon rabi" ya fi kusa, don matafiyi ya san bayan zango akwai wani zango. "Tun a ƙalla" kuwa ita ce ta dace da duk wata lamba da aka samu daga murhu ko kabari.

Diop ya rasu a Dakar ranar 7 ga Fabrairu 1986, aka sa wa jami'ar sunansa a 1987. Ɗakin awon ya tsaya a cikin shekarun 1980, sai a farkon shekarun 2000 aka farfaɗo da shi da sababbin na'urori a ƙarƙashin Maurice Ndeye. A tsakanin nan hanyar kanta ta sāke. Tun 1977 aka fara ƙirga ƙwayoyin karbon 14 kai tsaye da na'ura mai hanzarta su, maimakon zaman jiran lalacewarsu, sai abin da ake bukata ya sauko daga giram da yawa na gawayi zuwa abin da bai kai ƙwayar hatsi ba. Wannan ya rage matsalar tsohon itace, don yanzu ana iya zaɓen abin da ya rayu damina ɗaya tak. Da haka Katie Manning da abokan aikinta suka nuna a 2011 cewa ana noman gero a kwarin Tilemsi na Mali tun wajen 2500 kafin Miladiyya, daga ƙaiƙayin da magina suka cuɗa cikin yumɓu. Magina a ƙasar Hausa ma sukan cuɗa ƙaiƙayi ko kashin jaki a yumɓunsu, kuma irin wannan tsingaro yana cikin abin da hauya take fitarwa a kufan ƙasar Tasawa da Mayahi kowace damina.